Mawaƙin da Ba Shi da Ubangida: Hanyar Gambarar Zamani daga Kano zuwa Boɗinga da Shagari

Wannan sharhi ya shafi wani irin mawaƙi da ƙasar Hausa ba ta saba da shi ba sai a 'yan shekarun nan, wato matashin da ya shiga waƙar hip hop da ƙafarsa, bai gaji kiɗa a gidansu ba, babu basarake ko attajirin da ya ɗauke shi mawaƙinsa, kuma babu kamfanin faifan da ya ƙulla yarjejeniya da shi. Hip hop al'ada ce ta matasan birni da ta haɗa kiɗa da rawa da zanen bango da waƙa, amma reshenta da ya fi bazuwa a duniya shi ne rap, wanda kafofin watsa labarai na Hausa suke kira gambarar zamani, wato jera magana mai amsa-amo a kan bugun kiɗa, ta yadda nauyin aikin yake komawa kan kalma da numfashi fiye da zaƙin murya. Mawaƙi mai cin gashin kansa kuwa shi ne wanda yake tsara waƙarsa, ya biya kuɗin naɗarta, ya yaɗa ta, ya kuma riƙe mallakarta a hannunsa. Akwai irinsa a unguwannin bayan birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, akwai shi a Kano da Kaduna da Yamai, kuma duk inda wayar hannu ta isa, har da garuruwan da ke bakin titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, ba a rasa yaron da ke sauraronsa yana gwada kansa da shi.

Ba za a gane abin da yake sabo a wannan lamari ba sai an tuna yadda waƙar baka ta zauna a tsohuwar ƙasar Sakkwato, wadda ta fi ko'ina a ƙasar Hausa fitar da makaɗan fada. Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya gaji kiɗa daga mahaifinsa ya kuma yi wa sarakuna da Sardaunan Sakkwato waƙa, Ɗan Anace kuwa sunansa ya tafi tare da na ɗan damben da ya fi wasawa, wato Shago. Dukansu tsari ɗaya ne ya riƙe su, tsarin da ya tsaya a kan gado da kuma ubangida. Gado ya ba makaɗi horo, domin yaro yakan shafe shekaru cikin 'yan amshi yana koyon kari da salo kafin a bar shi ya ja waƙa. Ubangida kuma ya ba shi riga da doki da hatsi da matsuguni, ya ba shi kariya, ya tara masa masu sauraro a ranar salla da ranar naɗi. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Zazzau, ya nuna a wata maƙala da ya wallafa a 1957 cewa roƙo, wato sana'ar yabo don neman kyauta, wata hanya ce da al'umma take tabbatar da matsayin kowa a cikinta. Abin da ubangida yake karɓa a madadin alherinsa shi ne harshen mawaƙin, domin makaɗin fada yana da damar yi wa abokan hamayyar sarkinsa habaici da zambo yadda ya ga dama, amma ba ya juya bakin waƙa ga mai gidansa, kuma Hausawa sun riga sun yanke hukuncin wannan da cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Waɗanda suka zauna a wajen wannan tsari, irin su 'yan gambara na gargajiya da ke yawo kasuwa kasuwa da ganga da barkwanci, sun fi sakin baki, amma mutuncinsu a idon jama'a ya yi ƙasa ƙwarai.

Hip hop ta taso ne a wurin da babu fada babu gado. Masu tarihinta sukan kafa farkonta a wani biki da DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya yi wa kiɗa a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 11 ga Agusta 1973, a tsakanin baƙar fata da 'yan ci-rani da gwamnati ta yi watsi da unguwanninsu. Faifan Rapper's Delight na 1979 ya kai ta kasuwa, The Message na 1982 ya mayar da ita bakin talakan birni. A Nijeriya ta kafu sosai a ƙarshen shekarun 1990 da ƙungiyoyi irin su The Remedies, kuma ɗaya daga cikinsu, Eedris Abdulkareem, a Kano ya tashi, shi ne kuma wanda waƙarsa Jaga Jaga ta 2004 ta ɓata wa gwamnatin Obasanjo rai har aka hana sa ta a gidajen rediyo.

Ƙofar da gambarar Hausa ta shigo ta cikinta a Kano ita ce masana'antar fim. Finafinan Hausa sun buƙaci waƙoƙi masu yawa, irin waɗanda ake kira nanaye, inda namiji da mace suke musayar baiti a kan kiɗan fiyano, saboda haka ɗakunan naɗar sauti suka yawaita a birnin, aka kuma sami samari da suka ƙware a haɗa kiɗa da fiyanon Yamaha da kwamfuta. Wannan ya rushe wani tsohon shinge, domin wanda a da sai ya tara makaɗa da 'yan amshi kafin ya yi waƙa, yanzu mutum ɗaya da na'ura sun ishe shi. A waɗannan ɗakuna ne 'yan gambarar zamani na farko suka raɓa, irin su Bello Ibrahim da aka fi sani da Billy-O, wanda ya yi suna da cakuɗa Hausa da Ingilishi, da Nazir Ahmad Hausawa da aka fi sani da Ziriums, wanda shi kansa ma'aikacin sauti ne. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin malaman da suka fara ɗaukar waɗannan samari da muhimmanci, suka rubuta a kansu a lokacin da mafi yawan mutane suke ganin aikinsu kwaikwayon Amurkawa ne kawai.

Labarin Ziriums ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ake ganin riba da hasarar rashin ubangida gaba ɗaya. Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kuma a 2007, sakamakon wani abin kunya da ya girgiza masana'antar fim, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta, aka kuma tsananta wa 'yan fim da marubuta da mawaƙa. A watan Satumba na shekarar aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata uku saboda kundin waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya. Mawaƙa suka mayar da martani da abin da suka iya, wato waƙa, kuma a watan Yuni na 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta sauraro da sayarwa da yaɗa waƙoƙi 11, cikinsu har da Girgiza Kai ta Ziriums, da Oyoyo ta Zango, da Hasbunallahu ta Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, wanda aka kama shi daga baya a cikin wannan shekara. Makaɗin fada ba zai taɓa yin irin waɗannan waƙoƙi ba, domin masu mulki suka nufa kai tsaye, kuma wannan ita ce ribar. Hasarar kuwa ita ce, da hukuma ta tashi, babu inuwar da mawaƙin zai fake a cikinta. Haramcin bai kashe waƙoƙin ba, saboda wayar salula, wadda ta fara bazuwa a Nijeriya a 2001, ta riga ta cika hannun matasa, kuma ta Bluetooth ake tura waƙa daga waya zuwa waya ba tare da an bi ta kasuwa ba. Sai dai waƙar da ta yaɗu ta wannan hanya suna take kawo wa mai ita, ba ta kawo masa ko sisi, kuma da Ziriums ya tashi fitar da kundinsa This Is Me a 2010, ta shagunan intanet ya fitar da shi, a zamanin da mafi yawan masoyansa ba su da hanyar saye a can. Wannan rata da ke tsakanin shahara da samu ita ce ta bi gambarar Hausa har yau.

A ƙetaren iyaka, a Jamhuriyar Nijar, abin ya ɗauki wata kama. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Wassika da Kaidan Gaskiya suka fito a Yamai suna haɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci, aka kuma sami mata irin su Zara Moussa da ake kira ZM. Cibiyoyin al'adu sun ba su dandali, ƙungiyoyin agaji kuma, har da asusun UNICEF da ya shirya musu gasa a 2004, sun ɗauki nauyin waƙoƙin faɗakarwa a kan cututtuka da karatun 'ya'ya mata da auren wuri. Adeline Masquelier, a littafinta na 2019 a kan fada, wato majalisar shan shayi ta samarin Nijar, ta nuna yadda gambara ta zama abin da matasa marasa aikin yi suke cike lokacinsu da shi, suke kuma faɗin ƙorafinsu. Taimakon ƙungiyoyin ya yi amfani, amma mai lura zai ga cewa shi ma wani ubangida ne a sabuwar riga, domin wanda ya biya kuɗin naɗi shi yake zaɓar jigo.

Zubi na biyu na 'yan gambarar arewacin Nijeriya ya tarar da fili mafi faɗi. Tashar talabijin ta Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ware wa hip hop shiri na musamman ƙarƙashin Aminu Abba Umar, wato Nomiis Gee, daga nan sunaye irin su Classiq da B.O.C Madaki daga Bauchi, da Morell, da DJ AB na Kaduna da abokansa na Yaran North Side suka shiga gidajen da a da ba a jin gambara a cikinsu. Abin lura a nan shi ne taswirar waɗannan sunaye, domin kusan duk sun taru ne a Kano da Kaduna da Jos da Bauchi da Abuja, inda ɗakunan naɗi da masu ɗaukar bidiyo da wuraren wasa suke, alhali tsakanin Sakkwato da Kano akwai tafiyar da ta haura kilomita 500.

Kwatanta wannan da Suwidin yana da fa'ida, saboda ƙasar ta yi suna da mawaƙan gambara masu zaman kansu, kuma sau da yawa akan ɗauka cewa himmarsu kaɗai ce ta kai su. Gambarar da ake yi da harshen Suwidin ta yi ƙarfi ne a unguwannin da gwamnati ta gina tsakanin 1965 da 1974 a shirinta na gidaje miliyan ɗaya, waɗanda daga baya suka cika da baƙi da 'ya'yansu. Daga ɗaya daga cikinsu, Botkyrka, ƙungiyar The Latin Kings ta fito da kundinta na farko a 1994, tana waƙa da irin harshen da yaran unguwa suke magana da shi, ba da Ingilishi ba, daga bisani kuma 'yan gidan Salazar da ke cikinta suka kafa kamfaninsu na kansu, Redline Records. Amma a ƙarƙashin wannan 'yanci akwai abubuwan da jama'a suka gina da kuɗin haraji: makarantun kiɗa da fasaha na ƙananan hukumomi masu sauƙin kuɗi, da gidajen matasa da ƙungiyoyin ilimin manya da ke ba da aron ɗakin gwaji da na'ura, da wutar lantarki da intanet da ba sa yankewa, da ƙungiyar STIM da take karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu tun 1923. A Stockholm ɗin ne kuma aka kafa Spotify a 2006. Saboda haka mawaƙin Suwidin da ya ce ba shi da kamfani gaskiya ya faɗa, amma ƙasarsa ta riga ta yi masa rabin abin da ubangida yake yi, ba tare da ta nemi ya yabe ta ba. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba tana iya ciyar da mawaƙanta da harshenta, alhali masu jin Hausa sun ninka wannan adadi sau da yawa, wanda hakan ke nuna cewa matsalar mawaƙin Hausa ba ta ƙarancin kunne ba ce.

Matsalar tana cikin hanyar da kuɗi yake bi. Dandalin sauraro irin su Spotify, wanda bai iso Nijeriya ba sai a watan Fabrairu na 2021, suna tara kuɗin masu biyan wata da na talla a kowace ƙasa, sannan su raba gwargwadon yawan sauraron da kowace waƙa ta samu, don haka sauraro ɗaya a ƙasar da kuɗin rajista yake da arha ba ya kai darajar sauraro ɗaya a Turai. Tun daga 2024 kuma waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba ba ta samun komai a wannan dandali. YouTube yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ya fara raba kuɗin talla a dogayen bidiyo. Kafin waƙa ta hau waɗannan wurare ma sai ta bi ta hannun dillali, wato kamfanin da ke ɗora ta a madadin mawaƙi, wanda sau da yawa da dala ake biyansa, kuma a 2022 bankunan Nijeriya da dama suka dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya a ƙetare. A ɗaya gefen, mafi yawan masu sauraro a karkara har yanzu wurin masu tura waƙa a kasuwa suke cika katin wayarsu, ko su karɓa daga aboki ta Xender, kuma daga wannan ciniki babu abin da yake komawa ga wanda ya yi waƙar. Ko hanyar sadarwar ma ba ta da tabbas, domin a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma duk wanda sana'arsa ta rataya a kan intanet a waɗannan wurare ya tsaya cik.

Idan aka tsaya a nan, za a zaci yaron Boɗinga ko na Shagari ba shi da komai a hannu, kuma wannan kuskure ne babba. Yana zaune ne a kan ɗaya daga cikin tsofaffin matattarar waƙa a Afirka ta Yamma. A Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yanzu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa yana rubutu, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga, kuma shi ne wanda ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a Tazyin al-Waraƙat a 1813. Malaman jihadi sun ɗauki waƙa makamin ilmantarwa, suka tsara ta da Larabci da Fulatanci da Hausa domin wanda ba ya karatu ya haddace, kuma Nana Asma'u ta kai ta har cikin ƙauyuka ta hannun jajis, wato shugabannin mata masu koyarwa na 'yan taru. A garin Shagari kuma aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, wanda tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, yana malamin makaranta, ya tsara Waƙar Nijeriya domin ya koyar da labarin ƙasa da tarihinta cikin baiti. Abin da waɗannan magabata suka bari shi ne horon ƙafiya, wato amsa-amon da ke ƙarshen layi, da horon kari, wato ma'aunin da ke daidaita gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, kuma waɗannan biyu su ne ainihin kayan aikin ɗan gambara a kowane harshe. Ga kuma kirarin 'yan dambe da na mafarauta, wanda magana ce mai sauri da cika baki da ake yi ba tare da rerawa ba, wadda duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka ya san ba ta da nisa da abin da ake ji a faifan gambara.

Dole ne a faɗi gaskiya cewa wannan gado yana da fuska ta biyu. Malaman da suka ɗaukaka waƙa su ne kuma suka yi rubutu mai tsanani a kan kiɗan shagala da cakuɗuwar maza da mata a wurin wasa, kamar yadda Veit Erlmann ya tattara a littafinsa na 1986 a kan kiɗa da gyaran addini a farkon daular Sakkwato. Saboda haka uban da ya hana ɗansa wannan hanya a Boɗinga ko Danchadi ko Shagari ba jahilci ne ya sa shi ba, yana tsaye ne a kan wata fahimta mai tushe, kuma abin da yake gani a bidiyon wasu mawaƙa yana ƙara masa hujja. Sai dai saɓanin malamai ya fi karkata ga kayan kiɗa da abin da ke kewaye da su, ba ga tsararriyar magana mai ma'ana ba, kuma a cikin dukkan nau'o'in waƙar zamani gambara ce ta fi iya tsayuwa da murya tsura idan aka cire mata kiɗa. Wannan fili ne da matashin yankin zai iya tattaunawa da iyayensa da malamansa a cikinsa da mutunci, maimakon ya ɓuya ya yi abinsa a asirce.

Akwai kuma batun karin harshe. Mafi yawan gambarar Hausa da ta yi fice da Hausar Kano ko ta Kaduna aka yi ta, cakuɗe da Ingilishi, har yaron Sakkwato yakan ji kamar sai ya sauya bakinsa kafin a saurare shi. Tarihi bai goyi bayan wannan tsoro ba, domin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Hausar yamma suka yi waƙa, kuma an saurare su daga Agadas har Kumasi ba tare da an nemi su gyara lafazi ba. Sakkwatanci yana da yawan ninka baƙi a tsakiyar kalma, kamar a kassuwa da hulla da malammai, wanda yake ba magana wani bugu na kanta, yana kuma riƙe da tsofaffin kalmomi da suka ɓace a bakin 'yan birnin gabas. Abin da The Latin Kings suka yi a 1994, da suka ƙi barin harshen unguwarsu, shi ne abin da ke gaban ɗan gambarar Sakkwato, kuma a ra'ayin wannan sharhi shi ne kaɗai abin da zai bambanta shi da ɗaruruwan masu kwaikwayon Kaduna.

Inda haɗarin yake shi ne wurin da yunwa take tura mawaƙin da ba shi da mai riƙe shi. Hanya ta farko ita ce komawa ga ubangida ta ƙofar siyasa, domin a arewacin Nijeriya babu waƙar da take biya da sauri kamar ta kamfe, kuma ɗaukakar da Dauda Kahutu Rarara ya samu tun zaɓen 2015 ta nuna wa kowane yaro inda kuɗin yake. Ba laifi ba ne mawaƙi ya yi wa jam'iyyar da ya yarda da ita waƙa, amma wanda ya sayar da bakinsa a kowane zagayen zaɓe ya rasa abin da ya sa aka saurari Girgiza Kai, kuma ubangidan siyasa bai kai sarki riƙon amana ba, tunda alaƙarsa da mawaƙi takan ƙare da ƙirga ƙuri'a. Hanya ta biyu ita ce batsa da zagi, saboda manhajojin TikTok da YouTube suna tura wa mutane abin da aka fi tsayawa a kansa, kuma abin kunya yana tsayar da ido fiye da baiti mai kyau. Suwidin ma ba ta tsira daga irin wannan ba, ko da yake a can tashin hankali ne ya zama haja: Einár, wanda ya fi kowa yawan sauraro a Spotify na ƙasar a 2019, kuma da kansa yake fitar da waƙoƙinsa, an harbe shi a Stockholm ranar 21 ga Oktoba 2021 yana ɗan shekara 19, bayan ya daɗe cikin rigingimun da suka haɗa mawaƙa da gungun masu laifi. A yankin da 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, waƙar da take ƙawata bindiga ba wasa ba ce, kuma iyayen da suka ƙi ta suna da gaskiya.

Abin da zai rage wannan matsi ba ya buƙatar a gina sabuwar masana'anta. Gidan Rediyon Rima da tashoshin FM na Sakkwato suna iya ware lokaci ga waƙoƙin matasan jihar da sharaɗin tsabtar harshe, su kuma ambaci sunan mai waƙa da garinsa. Sashen koyar da harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ya yi aikinsa a kan salon waƙa, yana da malaman da za su iya zama da waɗannan samari su nuna musu yadda ake auna baiti, kuma ƙungiyoyin Hausa na makarantun sakandare a Boɗinga da Shagari suna iya mayar da gasar waƙa wurin da gambara mai ma'ana take da kujera kusa da rubutacciyar waƙa. Wannan shi ne zai maye gurbin shekarun da ɗan makaɗi yake yi cikin 'yan amshi, waɗanda na'ura ta ɗauke ba tare da ta ba da madadinsu ba.

Saura abu ɗaya da yake hannun mawaƙin shi kaɗai, wato takarda. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare aiki da zarar an rubuta shi ko an naɗe shi, kuma ba ta amincewa da sayar da wannan haƙƙi sai a rubuce. Waƙar gambara kusan kullum aikin mutum biyu ce, mai baiti da mai haɗa kiɗa, kuma rigimar da ta fi raba abokai ita ce ta wanda ya mallaki sautin da aka naɗa idan waƙar ta yi kasuwa bayan an yi ta a kan amana. Yaron da ya hau mota daga Shagari zuwa wani ɗakin naɗi a Sakkwato ko Kano yana buƙatar ya fito da abu uku, wato kwafin asali na muryarsa da kiɗan, da rubutacciyar shaida a kan ko ya sayi kiɗan ne ɗungurungum ko aronsa aka ba shi, da kuma tabbacin cewa shafin da za a ɗora waƙar da sunansa da lambar wayarsa aka buɗe shi, ba da na wanda ya taimaka masa ba.